Wa ya taɓa zuwa tafkin Gidimuni?

Ɗan Birni: Salamu alaikum ƴan uwa. Ina so in kai iyali Gidimuni ran Lahadi, yara su ga ruwa da tsuntsaye. Waɗanda suka je, yaya kuka same shi?

Malamin lakwal: Wa alaikumus salam. Hanyar Gure za ka bi, ka wuce Mirya, kilomita 60 da ɗoriya daga Damagaram. Ka tashi da an sallame Asuba. Mu hantsi ya riske mu a hanya, ko da muka isa sai balbela da ƴan zalɓe muka tarar. Masunta suka ce kirinjijiya da sassafe take taruwa, rana na ɗagawa ta shige kacala. Yanzu lokacin ɗari ne, daga Nuwamba zuwa Fabrairu tsuntsayen Turai na sauka nan su ci hunturu. Tun 2019 tafkin yake cikin wuraren Ramsar, wato tafkuna da fadamun da aka ware don kiyayewa a ƙarƙashin yarjejeniyar ƙasa da ƙasa, kamar tafkin Lasuri da ya shiga a 2005.

Ɗan Birni: Malam, shamuwa fa? Ita ƙaramar ɗiyata ke ta tambaya.

Malamin lakwal: Sai damina. Ka ba ta haƙuri.

Baba na Zango: Ni kifi ya kai ni. Yaro, kada ka isa ka jefa ƙugiya kamar ruwan gidanku. Wurin akwai masu shi, da shi suke ci da iyali, kuma ma'aikatan gandun daji na lura. Ka fara gaida manyan masunta, ka faɗi abin da ya kawo ka. Wani dattijo ya zaunar da ni a gefen da tarwaɗa ke kwanciya, ya murza tana ya sa min a ƙugiya da hannunsa, ya ce in daina motsa ƙafa cikin ruwa. Ƙarfasa ƙanana na samu, tarwaɗar kuwa a hannunsa na saya. Ban ji kunya ba, miya ba ta tambaya.

Uwar ƴan biyu: Yaya, ku maza kuna ta tsuntsu da kifi, ba wanda ya ce komai kan yara. Kada su yi wanka. Ruwan kwance ne, ɗan maƙwabciyata tsargiya ya kwaso a irin wannan tafki, sai da aka yi ta zaryar likita. Ku tafi da tabarma da ruwan sha, ku nemi izinin mai garka ku zauna a inuwar dabino. Mu an sayar mana da rake nan take aka sare shi, yaran ma sun manta da tafkin.

Baba na Zango: Gaskiyarki ɗiyata. A ƙara da rigar sanyi, iskar bakin ruwa da asuba ba ta wasa.

Ɗan Birni: Na gode ƙwarai. Baba, wajen wane gefe ka tarar da dattijon nan?