Ciwon asma da kumburin ƙwaƙwalwa: ina neman shawarar likitoci

Salamu alaikum jama'a. Ƙanena ne a kwance a sashen kulawa ta musamman a wani asibiti nan Jos. Ƙurar hunturu ta tayar masa da asma har ya kasa magana, aka saka shi a na'urar numfashi. Yanzu hoton CT ya nuna ƙwaƙwalwarsa ta kumbura.

Likita ya ce iskar kabon da huhu ya kasa fitarwa ce ta taru a jininsa. A awon jini, ta mai lafiya ba ta wuce 35 zuwa 45, tasa ta ninka hakan. Idan ta yi yawa, jijiyoyin jinin kai sukan buɗe, matsi ya ƙaru cikin ƙoƙon kai.

Ga inda muka cije: in aka ƙara saurin na'urar don a fitar da iskar kabon ɗin, iska za ta maƙale a huhu, yana iya fashewa. In aka bar ta, kan ne zai wahala. Mama kuwa kullum tambayarta, yaushe zai buɗe ido.

Don Allah likitocinmu, kumburin kan sauka idan iskar kabon ɗin ta ragu? Kuma mai irin wannan hali zai jure tafiya Abuja a motar asibiti?