Na dawo daga wankan jego, amma har yanzu ban dawo daidai ba

Maijegon Fari:

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Yau kwana 63 ke nan da na haifi ɗana na fari. Na yi goyon ciki a gidanmu a Funtuwa, inda mahaifiyata da gwaggona suka ɗauke mini komai, tun daga wankan jariri da gashin cibiya har zuwa rarrashin dare, ni kuwa nawa shayarwa ne kawai da hutu. Da aka yi arba'in aka maido ni ɗakina a Kaduna, gwaggo ta kwana uku ta koma, maigida kuma da sassafe yake fita, sai bayan isha'i yake shigowa. Tun daga ranar nake jin an ɗora mini amanar da ta fi ƙarfina. In yaro ya ɗauki kuka ni ma sai in zauna ina yi, in ya yi barci kuma ba na iya runtsawa, ina ta leƙa shi ko yana numfashi. Ɗinkin da nake ƙauna a da, yanzu ko keken ba na sha'awar kallo, kuma kowa da sunan yaro yake kirana, har na fara jin kamar wadda nake a da ta ɓace. Mahaifiyata ba zan iya faɗa mata ba, domin ko sunan yaron ba na kamawa a gabanta, balle in ce rainonsa ya gagare ni, ga kuma tsoron kada a ce na butulce wa Allah alhali wasu suna neman haihuwar ido rufe. Shin haka kowace uwa take farawa, kuma yaushe ake sabawa?

Kakar Jikoki:

Wa alaikumus salam 'yata, barka da arziki, Allah ya raya mana. Ki cire batun butulci daga ranki. Allah da kansa ya faɗa a Suratu Lukman cewa uwa tana ɗaukar ɗa cikin rauni a kan rauni, kuma Nana Maryam, duk da matsayinta, da naƙuda ta kai ta gindin dabino sai da ta yi fatan da ma ta mutu kafin wannan rana, ba a kuwa tsawata mata ba, lallashinta aka yi, aka ce ta ci ta sha ta kwantar da hankalinta.

Mu da muka haihu a babban gida ba mu fi ku juriya ba, hannaye ne suka yi mana yawa. In kina tuƙa tuwo faccala ta goya miki, in kina wanki uwar miji ta karɓe shi, yaran gida kuma suna layin ɗauka. Ke kuwa an fito da ke daga cikin mutane goma an ajiye ki a gida ke kaɗai da jariri, to dole zuciya ta yi nauyi. Kunyar ɗan fari da muka gada ta hana ki yi masa wasa ne a gaban manya, ba ta taɓa hana mace ta ce ba ta da lafiya ba, kuma ina baƙin cikin yadda muka bar 'ya'yanmu suna cakuɗa biyun. In bakinki ya yi nauyi a gaban mahaifiyarki, gwaggo ai don irin wannan aka yi ta. Ki kira ta yau, ki roƙa a turo miki wata daga gida ta zauna da ke ko da wata ɗaya ne.

Malamar Jinya:

'Yar uwa, Hajiya ta yi magana mai kyau, ni kuma zan ƙara ta fuskar aikina. Yawancin masu jego sukan yi saurin kuka da fushi a kwanakin farko, kuma wannan yakan wuce da kansa cikin mako biyu. Ke kuwa kin kai mako tara da haihuwa, ga rashin barci ko da yaro ya kwanta, ga fitar sha'awar abin da kike so, saboda haka ina ganin ya kamata a duba ki ko ciwon damuwa ne na bayan haihuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a ƙasashe masu tasowa kusan mace ɗaya cikin biyar tana fama da irin wannan lalura bayan haihuwa, kuma tana warkewa in an kula. Mako mai zuwa yaronki zai cika mako 10, ranar allurar rigakafinsa ta gaba, to in an gama da shi kada ki tashi, ki ce ke ma kina son ganin likita, ki faɗa masa abin da kika faɗa mana, a kuma auna jininki domin ƙarancin jini ma yana kawo kasala. In kuwa tunanin cutar da kanki ko yaron ya taɓa ɗarsuwa a ranki, kada ki jira wannan ranar.

Tun da kin yi wankan jego, ki lura da abu ɗaya. Likitoci a Zariya tun shekarun 1970 suka danganta yawan kunun kanwa da zafin wanka da na gadon wuta da ciwon zuciyar masu jego, wanda yakan bayyana ko bayan an gama wanka. In kin ga ƙafa ta kumbura, ko haki, ko tari in kin kwanta, asibiti za ki nufa nan take.

Uwar Biyu:

Ƙanwata, ni sai da 'yata ta fari ta kusa wata biyar sannan na ji na zama uwarta da gaske, ranar da na gane kukan yunwa daban da na barci ba tare da na kira kowa ba. Wadda kike a da ba za ta dawo kamar yadda kika san ta ba, amma ɗinkinki yana nan, kuma ni da rigar jaririya ɗaya na koma kan nawa keken. Maigida kuma ki zaunar da shi ki yi masa bayani dalla-dalla, domin nawa ganina da yake yi ina hidima ya ɗauka lafiya lau nake, sai da na yi magana ya fara karɓarta bayan sallar asuba ina samun barcin awa biyu.

Maijegon Fari:

Na gode iyayena, Allah ya saka da alheri. Na kira gwaggo da la'asar, ta yi mini faɗan shirun da na yi, ta ce ranar Asabar za ta taho da ƙanwata. Maganar likita kuma na faɗa wa maigida, ya ce shi zai kai mu ranar rigakafin.