Gilashin taga ya fashe: gyara ko sabuwa?

Ɗan Birni: Salamu alaikum. Yara na buga ƙwallo a ƙofar gida suka fasa mini gilashin tagar ɗaki, wadda ke kallon gabas. Firam ɗin ƙarfe ne, ƙasansa ya soma tsatsa. In canja gilashin kawai, ko in cire tagar duka? Yanzu kwali na liƙa, ga hunturu ya ƙarato.

Mai walda, Zengo: Wa alaikumus salam, Malam. Ɗauki ƙusa ka caka inda tsatsar take. In bai huda ba, a kankare, a shafa jan fenti, a sa gilashi mai kaurin milimita 5. Wurin awo ka rage milimita 2 ko 3, don ƙarfe na motsi da zafin Damagaram, gilashin da aka matse shi ke tsagewa. In ya huda kuwa, kada ka ɓata kuɗinka wurin gyara, sai sabuwar taga.

Uwargida, Garin Malam: Tagar gabas ce ke shan ruwan damina, shi ya kawo tsatsar. Mu da muka cire tamu, magini ya fi tagar cin kuɗi, don bangon laka ne, ya zube gefe guda.

Ɗan Birni: Na caka, bai huda ba. Gobe in sha Allahu zan shiga kasuwar Dole da awon.