Girman ƙwaƙwalwa ne ke kawo ƙarfin hadda?

Sani Mai Mashin: Salamu alaikum. Ni dai na ce duk wanda ya fi riƙe abu a ka, ƙwaƙwalwarsa ta fi girma. Ai Turawa sun auna direbobin tasi na Landan sun tabbatar. Mu da muka san Garwa lungu da saƙo, daga Yelwa har Rumde Ajiya, me zai hana tamu girma?

Hadiza Gaundare: Binciken gaskiya ne Yaya Sani, amma ba duka ƙwaƙwalwar aka ce ba. Wata mai binciken ƙwaƙwalwa, Eleanor Maguire, ce ta yi shi a 2000, ta ɗauki hoton kan direbobi 16 da na'urar MRI. Wani ɗan sashe ne can ciki, saitin kunnuwa, ana kiransa hifokamfas, shi ke kama sabon abu da sanin hanya. Bayansa ya fi na sauran mutane girma, gabansa kuwa ya fi ƙanƙanta.

Baffa Isa: To ai kin ba shi gaskiya kenan, 'yata.

Hadiza Gaundare: Da sauran magana Baffa. Kafin a ba direban tasi lasisi a Landan sai ya shekara uku ko huɗu yana haddace tituna kusan 25,000. A 2011 aka bi masu koyon tun daga farko. Ranar da suka fara babu bambanci tsakaninsu. Waɗanda suka ci jarrabawa ne sashen ya ƙaru musu, waɗanda suka faɗi ko gezau. Aikin ne ya girmar da shi. Kuma Yaya Sani, titunan Garwa nawa ne?

Alaramma Bello: Tun ina ƙolo nake tsangaya. Na ga gardawan da suka zuba Alƙur'ani izu sittin da ka, ban taɓa ganin girman kai ya raba su da sauran ba. Abin da na gani tilawa ce da tashin asuba. Mai kaifin hadda ya bar tishi wata uku, ka ji yadda zai riƙa cijewa.

Sani Mai Mashin: Allah gafarta Malam, ƙoƙon kai ka gani daga waje. Cikin fa?

Abakar Injamena: An duba cikin, Sani. Ita dai Maguire ɗin a 2003 ta auna gwanayen gasar hadda ta duniya, masu riƙe jerin lambobi da katin karta. Ba ta sami bambanci a ginin ƙwaƙwalwarsu ba. Dabara ce suke da ita: kowane abu sai su ajiye shi a zuci a wani wuri kan hanyar da suka sani, in za su tuno sai su sake bin hanyar. A 2004 wata mai bincike, Cyma Van Petten, ta tattara bincike 33, alaƙar girman hifokamfas da tunawa ta fito da rauni ƙwarai, a yara da matasa ma ta ɗan karkata ta koma akasi. A 2020 aka gwada lafiyayyun matasa 217, nan ma shiru.

Baffa Isa: Amma yayata da mantuwa ta kama, har 'ya'yanta take tambayar sunansu, likita cewa ya yi ƙwaƙwalwarta ta motse.

Abakar Injamena: Allah ya ba ta sauƙi Baffa. Wannan ciwo ne, kuma a cutar Alzheimer motsewar sashen nan da mantuwa tare suke tafiya, babu musu. Henry Molaison a Amurka, da aka yanke masa sashen ta gefe biyu a 1953 saboda farfaɗiya, bai ƙara riƙe sabon al'amari ba har ya rasu a 2008. Rumbun da ya ɓule dole hatsi ya zube, amma cikin rumbuna biyu masu lafiya, babban ba lallai ya fi hatsi ba.

Sani Mai Mashin: Duk na ji. Amma direban da ya ci jarrabawa nasa ya ƙaru, wanda ya faɗi bai ƙaru ba. Ilimi da girma sun tafi tare kenan, ko ba haka ba?

Hadiza Gaundare: A sanin hanya kaɗai. Da aka ba su wani zane mai sarƙaƙiya su sake shi da ka, sauran mutane sun fi su. In girman kake so, a 2011 an gwada dattawa 120 a Amurka. Rabin da suka shekara suna tafiyar ƙasa ta minti 40 sau uku a mako, sashen ya ƙaru musu da kashi 2 cikin 100. Ka jingine mashin ka taka sayyada.

Sani Mai Mashin: Wa zai biya ni kuɗin cefane, ke ko Abakar?