Zango ɗaya a Konya: zai ja mini maimaita aji?

Ɗan Kurna:
Assalamu alaikum jama'a. Ina aji uku a tsangayar aikin gona. Sunana ya fito cikin waɗanda za su je Turkiyya musayar ɗalibai a ƙarƙashin shirin Erasmus+ na Tarayyar Turai, wata jami'a a Konya, daga Fabrairu zuwa Yuni. An yi murna a gida, amma Baba ya yi mini tambayar da na rasa amsarta: idan na dawo, da 'yan ajinmu zan ci gaba ko na bayanmu zan bi? Waɗanda suka taɓa zuwa, don Allah a ba ni haske. Sannan kuɗin da ake bayarwa yana isa?

Yayan Hanifa:
Wa alaikumus salam. Barka da arziki ƙanena. Ni ma a Konya na yi nawa zangon, kuma wallahi Baba ya hango inda gizo ke saƙar.

Akwai takardar yarjejeniyar karatu da ɓangare uku ke sa wa hannu: kai, jami'arku, da jami'ar da za ta karɓe ka. A cikinta ake jera kwasa-kwasan da za ka ɗauka a can, kusa da kowanne a rubuta kwas ɗin gida da zai maye gurbinsa. Su lissafinsu zango ɗaya kiredit 30 ne na ma'aunin Turai, ba daidai yake da namu ba. Kada ka yarda da "je ka dawo, za mu duba". Ka zauna da shugaban sashenku da jami'in jarrabawa tun yanzu, a rubuta, a buga hatimi, ka ajiye kwafi. Mu biyu muka tafi daga makarantarmu. Ni an lissafa mini komai. Abokin tafiyata kafin mu dawo an canja musu shugaban sashe, sabon ya ce bai san zancen ba, sai da ya sake kwas biyu tare da na bayansa.

Ka duba kalanda kuma. Tun yajin aikin ASUU na wata takwas a 2022 zangunan jami'o'i da yawa suka karkace, kana iya tarar da Fabrairu zuwa Yuni ya ci rabin zango ɗaya da rabin wani a gida. Wannan ya fi komai haɗari.

Da na isa, kwas ɗin noman rani da na gani a jerin na Turanci sai na tarar da Turkanci ake koyar da shi. Malamin mutumin kirki ne, ya riƙa ba ni abin karantawa, duk Talata in same shi a ofis mu tattauna, da shayi a ɗan ƙaramin kofin gilashin nan nasu. Ana iya gyara takardar yarjejeniyar a makonnin farko, amma dole gida su sake sa hannu.

Ga ɗalibin gona kuwa, garin ya dace. Filin Konya rumbun alkamar Turkiyya ne, ga gwozar sukari, ga ƙarancin ruwan sama. Manoma sun zuƙe ruwan ƙasa da rijiyoyin burtsatse har ƙasa na ruftawa a gonakin yankin Karapınar. Da na tsaya a bakin ɗaya daga ramukan nan, masu noman rani na Kadawa na tuna. Ka nace a kai ku.

Maman Sultan:
Batun kuɗi, a lokacinmu Yuro 800 ne a wata, ban da na jirgi. Ya isa, har da ragi idan a kantin makaranta kake ci. Amma ba ranar da ka sauka ake ba ka ba. Sai ka karɓi lambar haraji, ka buɗe asusun banki, kuma ana riƙe wani kaso sai ka gama ka cike rahoto. Ka tafi da guzurin wata guda aƙalla, ga kuɗin takardar zama da suke kira ikamet da inshorar lafiya. Yaji, kuka da daddawa kada ka bari. Kilishi dai bar shi a gida, ana iya ƙwace shi a filin jirgi. Sanyin Fabrairu ba irin hunturunmu ba ne, garin yana kan tudu wajen mita 1,000, ka sayi rigar sanyi a can.

Bazazzagi:
Ni fa ban ga abin tayar da hankali ba. Ko an maimaita zango ɗaya, meye? Wanda ke neman gurbin digiri na biyu a waje, takardar shaida daga malamin can ta fi masa wata shida amfani.

Yayan Hanifa:
Malam Bazazzagi, a gona ba zango ɗaya ba ne. Aji huɗu shekarar aikin fili ce, idan kwasa-kwasan aji uku suka tare shi, shekara guda ce cur. Kuma ba kai ke biyan kuɗin makarantar ba.

Ɗan Kurna:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na duba kalandarmu, jarrabawar zangon farko za ta kai tsakiyar Fabrairu. Yaya, suna yarda mutum ya iso da jinkirin mako biyu, ko sashenmu zan roƙa su yi mini tawa da wuri?