In ajiye Alfiyya in kama Balaga, ko in jira sauka?

Assalamu alaikum malamaina da 'yan uwa. Na sauke Ajurrumiyya, yanzu ina Babin Ishtigali a Alfiyya, littafin Nahawun Larabci mai baiti dubu, a zaure. I'irabi ba ya ba ni wahala. Amma makon jiya na rubuta 'yar maƙala da Larabci, wani malami ya duba ya ce, "Babu lahani ko ɗaya, sai dai miyar ba gishiri." Abokina ya ce Nahawu wasalin ƙarshen kalma ne kawai, in ajiye shi in kama Balaga, ilimin fasahar zance. Don Allah ku ba ni shawara.

Wani dattijo, malamin zaure: Wa alaikumus salam ɗana. Abokinka ya faɗi abin da Abdulƙahir Jurjani ya yi littafi guda don rushe shi. Shi Jurjani, wanda ya rasu a shekara ta 471 bayan hijira, ai malamin Nahawu ne tun asali, shi ne mai Awamilul Mi'a. A Dala'ilul I'ijaz ya nuna cewa kyawun tsarin zance, abin da ya kira nazamu, ba komai ba ne face bibiyar ma'anonin Nahawu tsakanin kalmomi. Ya kawo labarin Alkindi masanin falsafa, da ya ce yana ganin ciko a maganar Larabawa: su ce "Abdullahi ƙa'imun" (Abdullahi na tsaye), su ce "inna Abdallahi ƙa'imun", su ce "inna Abdallahi laƙa'imun", ma'ana ɗaya. Abul Abbas, malamin Nahawun da ya faɗa wa haka, ya ce a'a. Ta farko ba da labari ce, ta biyu amsar mai tambaya, ta uku martani ga mai musu. To wanda bai san inna da harafin lam ɗinta ba, ta ina zai shiga wannan?

Wata malamar Islamiyya: Allah ya saka, Malam. Ƙanena, gwada da Fatiha. "Iyyaka na'abudu", in ka yi i'irabi za ka ce maf'uli ne aka gabatar, ka rufe littafi. Kada ka rufe. Tambayi kanka, me ya sa aka gabatar? "Na'abuduka" ma daidai ce a Nahawu, amma ba ta kore bautar wani ba. Gabatarwar ce ta ce Kai kaɗai. Ɗauko maƙalar nan taka ka duba, na tabbata duk jimlolin fi'ili ne, fa'ili, maf'uli, reras kamar 'yan fareti.

Wani ɗalibin jami'a: Da izinin Malam, ni ban ga dalilin jiran sauka ba. Baiti dubu fa! Sakkaki ma a Miftahul Ulum littafi ɗaya ya haɗa Sarfu da Nahawu da Ma'ani da Bayani, rassan Balaga biyu. Kuma tashbihi da isti'ara, wato kamantawa da aron kalma, ba sai ka gama Alfiyya ba. Ka riƙe zaure da asuba, da dare ka ɗauki Balagatul Wadiha, akwai atisaye a ciki. Dala'ilu kam ka bari tukuna, na fara shi sau biyu ina tserewa.

Dattijon ya ƙara: Ban ce ya jira ba, yaro, na ce kada ya ajiye. Amma sashen Ma'ani ya bari sai ya wuce babin Hali da na Aɗafi a Alfiyya, don fasali da wasali, wato raba jimloli da haɗa su, na gaba.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Malama, na ƙirga, jimla 23 ce, 19 da fi'ili suka fara. Malam, Jauharul Maknun, waƙen nan na Balaga, fa, a haddace shi yanzu ko sai an gama Wadiha?