In goge ne ko in sayo faifai?

Ɗan Garki: Salama alaikum. Saba biyu gare mu, wato manyan kwamfutocin ajiyar fayiloli, ɗaya a Garki ɗaya a Wuse, manhajar rsync ke kwafe fayiloli daga ta Garki zuwa ta Wuse kullum da dare. Yanzu ta Wuse ta kusa cika. Da na leƙa sai ga tarin fayiloli masu farawa da ɗigo, da haruffa shida na shirme a wutsiya. Ga kuma Rahoto.docx da rahoto.docx kusa da juna. In sa wa rsync umarnin --delete ne, wanda ke goge duk abin da ke ta Wuse amma babu shi a ta Garki, ko in sayo faifan ajiya? Oga na jiran amsa ranar Litinin.

Na Kubwa: Bairos ce. Ka yi fomatin kawai.

Injiniya: Wace bairos? Shi rsync da sunan wucin gadi yake rubuta fayil, sai ya gama yake mayar masa da sunansa. In an ɗauke wuta ana tsaka, guntun nan ya zauna kenan. Rahoton kuwa, Linux na bambanta babban baƙi da ƙarami, Windows ba ya yi. Buɗe su duka kafin ka taɓa ɗaya.

Baba Tsoho: Ɗana, ka ji tsoron --delete. Ni ya ci. Faifan asali bai haɗu da sabar ba bayan wuta ta dawo, rsync ya tarar da jaka wayam, sai ya share ɗaya sabar tas don su yi daidai. Takardun albashi duk suka tafi. Kwana uku na yi a ofis, a kan dardumar salla nake barci, har maigadi ya fara kawo min shayi. Ƙarshen wata kuma aka yanke min albashi.

Injiniya: Baba, da ka fara gwadawa da -n, umarnin da ke nuna abin da rsync zai yi ba tare da ya taɓa komai ba, ai da ka gani.

Baba Tsoho: Kai da ka fara aiki jiya?

Na Kubwa: Faifai mai terabait 4 dubu 90 na saya a kasuwar Banex.

Hajiyar Akawu: Yaushe? Mu dubu 170 muka biya. Naka dai tokumbo ne.

Ɗan Nyanya: A ofishinmu akwai "ƙarshe", "ƙarshen ƙarshe", da "wallahi wannan ne". Wanne za a goge?

Hajiyar Akawu: Duk wutar nan ce. Batirin inbatarmu ko minti goma ba ya riƙewa, na rubuta takarda sau uku, oga ya ce sai sabon kasafi.

Baba Tsoho: Ku har takarda ake karɓa? Mu man janareto ma sai an yi faɗa.

Ɗan Garki: To ni Litinin fa, jama'a?